Kwalin Baba: littafin aikin nazarin wasannin ches na kulob ɗinmu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau Baba ya kawo kwalin da ya daɗe yana yi mini alkawari. Kwalin taliya ne, an ɗaure shi da roba, cike da takardun rubuta taku na gasannin da aka buga a kulob ɗinmu da waɗanda 'yan kulob suka je bugawa a wasu garuruwa. Baba shi ne dattijonmu, a hannunsa agogo da alluna suke kwana, kuma ba ya jefar da takarda. Da ya dire kwalin a gabana sai ya ce, "Ga su nan, ɗana. Ko ka karanta, ko gara ta karanta."

Abin da na ƙudura shi ne in shigar da wasannin cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, in bi kowanne in gano inda ya karye. Sharaɗi biyu na sa wa kaina: dole 'yan wasan biyu su kasance suna da makin FIDE, hukumar ches ta duniya, kuma dole ya zama wasan dogon lokaci ne, ba na tsere da agogo ba.

Dalilina ba boyayye ba ne. Duk abin da muke karantawa wasannin manya ne, su Capablanca da Fischer da Carlsen. To amma ranar Asabar ba Carlsen ne ke zama a gabana ba. Malamin lissafi ne mai maki 1600 da 'yan kai, wanda ya san ni na san shi, kuma sau da yawa shi ke tashi da dariya. Ina son in san yadda irinmu muke faɗuwa. Zatona tun yanzu, kuma na rubuta shi don kada in musa daga baya: a buɗin wasa muke mutuwa, saboda ba mu haddace layuka ba.

Sunayen da zan yi amfani da su su ne waɗanda muke faɗa a bakin allo: sarki, sarauniya, ruk, bishof, doki, soja. Haruffan rubutu kuwa na duniya ne: K sarki, Q sarauniya, R ruk, B bishof, N doki, soja ba shi da harafi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ashe ba a kai ga nazari ba tukuna, karatun takardun ma aiki ne. Wasa 14 kawai na iya shigarwa a mako guda.

Tsarin da nake ajiye su shi ne PGN, wanda kowace manhajar ches ke karantawa. Rubutu ne zalla: sunayen 'yan wasa, rana, maki, sakamako, sai takun a jere. Amfaninsa shi ne manhajar ba ta karɓar ƙarya. In ka rubuta takun da ba zai yiwu ba, nan take za ta tsaya. A nan ne na gane yawan kuskuren da muke yi da biro. Mutum ya rubuta Nd2 alhali dawakansa biyu duk suna iya zuwa d2, bai ce Nbd2 ko Nfd2 ba. Sai ka bi hanya ɗaya, bayan taku goma ka ga dokin da ake nema ba ya inda ya kamata, ka komo baya. Mai baƙaƙe kuma, da yake allon a juye yake a gabansa, yakan rubuta c6 a wurin f6, ko 3 a wurin 6. In takardun mutum biyun suna nan, sai ɗaya ta gyara ɗaya. In guda ce, sai bin sawu.

Takardun Baba na da can kuwa wani yare ne daban. P-K4, N-KB3, tsohon rubutun da ake kiran gida da sunan wanda ya fara zama a layin. P-K4 a hannun mai farare e4 ne, a hannun mai baƙaƙe e5. FIDE ta daina amincewa da wannan salon tun 1981, amma hannun Baba bai samu labari da wuri ba. Na kira shi a waya sau uku ranar Laraba, a na ukun ya ce in bari sai Asabar, kada in cinye masa caji.

Sai wata matsala da ba ta da magani: wasanni da dama rubutunsu ya yanke a tsakiya. Dokar ta yarda wanda lokacinsa ya gaza minti biyar ya daina rubutu, muddin ba a ƙara masa daƙiƙa 30 ko fiye a kowane taku. Tsofaffin gasanninmu da agogon allura aka buga su, babu ƙari. Wato daidai inda wasa ya yi zafi, nan takarda ke yin shiru. Irin waɗannan na ware su gefe da alamar jan biro.

Ƙurar hunturu ta shiga madannan kwamfutar, harafin N sai na danna shi da ƙarfi. Doki kenan, wanda ya fi kowa yawan tsalle.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na kusa yin aikin banza. Na fara kasa wasannin gida-gida bisa makin da aka rubuta a saman takarda, sai na ga wani da na sani da 1200 da ɗoriya a wata takarda, a wata kuma ya haura 1500, tsakaninsu 'yan watanni. Ba ƙwarewa ya yi dare ɗaya ba. A watan Maris na 2024 FIDE ta ɗaga makin duk wanda ke ƙasa da 2000: aka ƙara masa kashi 40 cikin 100 na tazarar da ke tsakaninsa da 2000. Mai 1200 ya koma 1520, mai 1500 ya koma 1700, mafi ƙanƙantar maki kuma ya tashi daga 1000 zuwa 1400. Dole na koma na juya duk tsofaffin lambobin zuwa sabon ma'auni kafin in haɗa su da na bayan nan.

Da yake na shiga lissafin, na sake duba abin da lambar ke nufi. Arpad Elo, malamin kimiyyar fiziks a Amurka, haifaffen Hungari, shi ya tsara ta, FIDE ta ɗauka a 1970. Ba ta auna sani, sakamako take aunawa. Tazarar maki 100 na nufin na sama zai kwashi kusan 64 cikin 100 na makin wasanninsu, tazarar 200 kusan 76. Wato wanda ya fi ka da 200 ba dodo ba ne, a wasa huɗu kana da rabon maki guda. Mu kuwa da mun ga lambar a jikin takardar haɗa wasa sai gwiwa ta yi sanyi.

An shigar da wasa 41.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Makonni biyun nan ne aikin ya fara ɗanɗano. Ga yadda nake yi. Ina jera wasan a kan allon katako, ba a fuskar kwamfuta ba, in bi shi da hannu. Duk inda na ji wani abu ya canza sai in tsaya, in rubuta a littafi: a nan nake ganin wasan ya juya, ga dalili, ga abin da da ni ne zan taka. Sai na gama sannan in kunna Stockfish, injin da ke auna wasa a kwamfuta, in ga ko mun yi daidai.

Kwanakin farko ban yi haka ba, gaskiya. Injin nake kunnawa tun daga takun farko, ina kallon lambar tana hawa tana sauka, ina gyaɗa kai kamar na fahimta. Washegari in ka tambaye ni abin da ya faru a wasan, ko ɗaya ba zan iya faɗa ba. Wanda aka goya bai san nisan tafiya ba. Yanzu in na yi kuskure a hasashena, kuskuren nawa ne, kuma yana zama a kai.

Wani abu game da lambar injin: a da muna cewa +1 soja guda ne. A sababbin fitowar Stockfish ba haka ba ne, +1 na nufin in inji da inji ne, rabin lokaci mai rinjayen zai ci wasan. Amma mu ba injuna ba ne. Na ga +2 ya narke ya koma sifili, ya koma -3, ya sake dawowa, duk a wasa ɗaya tsakanin mutum biyu masu mutunci. Saboda haka na daina kula da ƙananan hawa da sauka. Abin da nake nema shi ne juyi na ƙarshe, wanda daga shi wasan bai sake tashi ba.

Zatona na watan jiya kuwa ya fara tangal-tangal. Eh, akwai waɗanda suka mutu a buɗi. Na samu wanda ya faɗa tsohon tarkon nan: 1.d4 d5 2.c4 e6 3.Nc3 Nf6 4.Bg5 Nbd7 5.cxd5 exd5 6.Nxd5 Nxd5 7.Bxd8 Bb4+ 8.Qd2 Bxd2+ 9.Kxd2 Kxd8. Ya ɗauka dokin f6 a ɗaure yake, ya ci soja, ya wayi gari ba doki. Na samu kuma masu amsa 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5 da Nxd5, su bar 6.Nxf7 ya fito musu da sarki tsakar fili, alhali 5...Na5 ce hanyar da aka sani. Amma irin waɗannan ana ƙirga su da yatsu. Galibin wasannin, har taku na 15 ba wanda ya yi wa wani nisa. Mai farare ya buga abin da ba ya cikin littafi, mai baƙaƙe ya mayar masa da wanda ba ya cikin littafi, an yi biyan bashi, an ci gaba.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya shigo, aikin ya ja baya. Da rana kai ba ya ɗaukar lissafi, bayan tarawihi kuma in an ɗauke wuta batirin kwamfutar ba ya kai awa guda. Wasa biyu ko uku nake bi a mako, a kan allo, da fitilar waya.

Jinkirin ya yi rana. Da nake sake karanta littafina, na ga kalma ɗaya tana ta dawowa a layin "inda ya juya": musaya. Ya ba da sarauniya ya karɓi sarauniya. Ya yarda aka cire ruk da ruk. Ba katoɓara irin ta barin doki a bakin soja ba, a'a, cinikin da a ido daidai yake. Zan bi wannan bayan salla.

Asabar, 5 ga Afrilu

An sha salla lafiya. Na koma kan wasannin da na riga na gama, wannan karon ina tsayawa a duk inda aka yi musayar manyan kaya, ina tambaya: wa cinikin ya yi wa daɗi?

Mu 'yan kulob an koya mana farashi tun ranar farko. Soja 1, doki 3, bishof 3, ruk 5, sarauniya 9. Saboda haka in 5 ta tafi 5 ta tafi, sai mu ce ba a ci kowa ba. Muna ƙirga abin da ya bar allo, ba ma duban abin da ya rage a kai. Can ne ɓarnar take.

Misali mafi sauƙi daga buɗin Landan, wanda rabin kulob ɗinmu ke bugawa saboda ba ya son hadda: 1.d4 d5 2.Bf4 Nf6 3.e3 c5 4.c3 Nc6 5.Nf3 Qb6 6.Qb3 c4. Sarauniyoyi na kallon juna. Sau da dama mai farare sai ya ci, 7.Qxb6 axb6, yana murna ya ruɓanya wa abokin wasa sojoji a layin b. Bai lura ya buɗe wa ruk ɗin a8 hanya kyauta ba, kuma sojan nan da ya raina zai taho b5, ya taho b4, ya fasa masa gefen sarauniya. Ja da baya zuwa c2 ya fi, ko da yake nan ma akwai 7...Bf5 da ke jira, don in sarauniya ta ci bishof, b2 ta tafi da abin da ke bayanta. A takardun kwalin, waɗanda suka ci a b6 sun sha wuya har ƙarshe, kuma na tabbata in ka tambaye su za su ce a can gaba suka yi kuskure.

Amma wanda ya fi ciwo shi ne musayar ƙarshe, wadda ke barin sarakuna da sojoji kawai. Muddin akwai ruk a allo, akwai hayaniya, akwai cek, akwai hanyar wahalar da mutum. Da an cire shi, magana ta koma ƙidaya, kuma ƙidaya ba ta da tausayi. Na ga wasa tsakanin masu 1700 biyu, sojoji daidai, amma ɗaya yana da sojan da ya kuɓuce a can layin a, nesa da sauran. Ɗayan da kansa ya nemi a cire ruk. Daga nan sai aka tura sojan gefe, sarkinsa ya tafi kamo shi, kafin ya dawo sarkin abokin wasa ya shiga ɗaya gefen ya yi wa sojojinsa cin tuwo. An jefa wa kare ƙashi an shiga gida.

Sai abin da Baba ke kira kallon-kallo. Farin sarki a e5, sojansa a e4, baƙin sarki a e7. In baƙi ne da taku, dole ya kauce, farin sarki ya shige d6 ko f6, soja ya zama sarauniya. In fari ne da taku, canjaras. Wuri ɗaya, kaya ɗaya, bambancin kawai wa ke da taku. Wanda zai cire ruk na ƙarshe ya kamata ya ƙirga har zuwa nan kafin ya miƙa hannu. A takardun da aka rubuta lokacin agogo a gefe, na lura da abin mamaki: mutum ya ɓata minti 15 a taku na 9 yana tunanin inda zai sa bishof, musayar da ta kashe shi kuma ya yi ta cikin minti guda.

Kada mu ji kunya da yawa. Ranar 12 ga Disamba, 2024, a Singafo, wasa na 14 na gasar duniya, Ding Liren yana riƙe da canjaras a hannu, soja ɗaya kawai ake binsa. Ya taka 55.Rf2 yana neman a cire ruk, ya manta bishof ɗinsa na a8 ba shi da mafita. Abokin wasansa Gukesh ya ci ruk, ya kawo bishof d5 ya tilasta a cire su ma, aka bar sarakuna da sojoji, Ding ya miƙa wuya. Kambun duniya ya koma hannun ɗan shekara 18 a kan irin cinikin da nake gani a kwalin taliya. Bambancin shi ne shi sau ɗaya ya yi, a ƙarshen wasa 14 masu gajiyarwa. Mu kuwa abincinmu ne.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Jiya na kai maganar kulob. Na jera wurare shida daga kwalin, kowanne daidai kafin musaya, ban faɗi na wane ne ba. Tambaya ɗaya: a cire ko a bari?

Wani ɗalibin jami'a da ke zuwa wurinmu, mai kaifin lissafi, ya amsa biyar daidai. Na ce to me ya sa a gasa ba ka yin haka? Ya ce, "Yaya, ai yanzu ka gaya mini akwai abin dubawa. A wasa ba mai taɓa ni ya ce duba nan." Wannan amsar ta fi duk abin da na rubuta a littafina.

Baba bai yarda da ni gaba ɗaya ba. A ganinsa ba jahilcin ƙarshen wasa ba ne, tsoro ne. "Ɗana, mutum ya yi awa uku sarauniyar wani na yawo a kansa. In aka ce ga hanyar da za ta bar allo, ba lissafi yake yi ba, numfashi yake nema." Na ce, Baba, ai in ya san abin da ke jiransa ba zai nemi irin wannan numfashin ba. Ya ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mun rabu kowa na kan bakansa, amma a hanyar gida na tuna cewa a yawancin misalaina wanda ake matsa wa ne ya nemi musayar, ba mai matsawar ba. Wataƙila na buɗe sabon layi a littafin: wa ya nema, kuma a wane hali yake.

Abin da ya ba ni haushi: na jera wurin Philidor, ruk da soja a kan ruk, na ce wa zai kare. Dabarar ta fi shekara 200 a rubuce. Ka ajiye ruk a layi na uku daga gefenka ka hana sarkinsa shigowa, in ya tura soja zuwa layin sai ka zura ruk can ƙarshen allo ka yi ta ba shi cek ta baya. Mutum biyu ne kawai suka yi ta ba gargada. Waɗanda suka kasa kuwa, da yawansu za su iya zuba maka taku 12 na buɗin Sisiliya ba numfashi. Wanda bai san zai iya tsira da ruk ba, dole ya gudu daga ruk.

Asabar, 3 ga Mayu

Wasa 96 ke cikin kwamfuta yanzu, 23 na gefe da jan biro, kuma kwalin bai kai rabi ba.

Daren Alhamis na ci karo da rubutun hannuna. Wasana ne da Baba, na shekarun baya, ina da baƙaƙe. Na tuna shi sarai, ko in ce na ɗauka na tuna. Labarin da nake bayarwa kullum shi ne ya fi ni sanin buɗin, na rasa soja da wuri, shi ke nan. Na jera shi a allo kamar na kowa.

Sojan dai na rasa shi, gaskiya ne. Amma a taku na 38 ga abin da ke allo: ruk da sojoji huɗu nasa, ruk da sojoji uku nawa, duk a gefen sarki. Sojojina a f7, g6, h5, tsayuwar da littattafai ke cewa a yi. Wannan wuri ne da ake tashi kunnen doki in mai karewa ya yi haƙuri. A taku na 39 ni da kaina na kai ruk gaban nasa. Har da alamar motsin rai na sa a takardar, wato a lokacin ina ganin na yi gwaninta. Bayan taku tara na miƙa wuya na sa hannu.

Na kunna injin don in tabbatar, ko da yake ba na bukata. Kafin 39 lambar tana nan kusa da sifili. Bayan 39 ta tashi ba ta sake sauka ba.

Yau na nuna wa Baba takardar. Ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya ce, "Na tuna. Da ka kawo ruk ɗin sai da na dubi fuskarka, na ɗauka tarko ne." Na tambaye shi me ya sa bai taɓa gaya mini ba duk shekarun nan da nake ɗora laifin a kan buɗi. Ya ce ban tambaya ba.

Aikin mako mai zuwa: in koma wasa na 1 in cike sabon layin "wa ya nemi musaya" har zuwa na 96. Ɗalibin nan ya karɓi ɗauri guda zai taya ni shigarwa, na gargaɗe shi kan Nbd2. Akwai kuma wasu takardu a ƙasan kwalin da ruwa ya taɓa, sun manne da juna. Baba ya ce kada in ja su da ƙarfi, in ɗora su kan tururin tukunya tukuna.